Goethe da Eckermann: Abota Tsakanin Shahararren Marubuci da Makarancinsa

Abotar Johann Wolfgang von Goethe da Johann Peter Eckermann ta ɗauki kusan shekara tara, daga watan Yuni na 1823 zuwa rasuwar Goethe a watan Maris na 1832. Tana cikin fitattun misalai a tarihin adabin Turai na zumunci tsakanin marubucin da duniya ta riga ta sani da mai karatun da ya sallama masa rayuwarsa. Daga wannan zama ne aka sami littafin da ake kira Hirarraki da Goethe a Shekarun Ƙarshe na Rayuwarsa, wanda har yau ake karantawa a harsuna da dama. Abin da wannan lacca za ta bi diddiginsa shi ne yadda aka ƙulla abotar, abin da kowannensu ya bayar, da abin da kowannensu ya tashi da shi.

Lokacin da suka haɗu, Goethe yana da shekara 73, kuma babu marubucin da ya kai shi suna a duk ƙasashen da ake magana da Jamusanci. An haife shi a Frankfurt a 1749, a gidan wadata. Yana ɗan shekara 25 ya fitar da ƙagaggen labarinsa na Werther, wanda ya zaga Turai kamar wutar daji. A 1775 Carl August, basaraken da ke mulkin ƙaramar ƙasar Weimar, ya gayyace shi fadarsa, ya mayar da shi ɗan majalisa, daga bisani minista. Kashi na farko na wasan kwaikwayonsa Faust ya fito a 1808, shekarar da Napoleon ya nemi ganinsa a Erfurt. A 1819 ya fitar da diwanin waƙoƙin da ya tsara bayan ya karanta fassarar waƙoƙin Hafiz na Shiraz. Gidansa da ke dandalin Frauenplan ya zama wurin ziyara: malamai, 'ya'yan sarauta da matafiya daga Ingila, Faransa da Amurka suna zuwa don kawai a ce sun gan shi.

Sai dai tsufa ya riga ya kama shi, kuma gidan ya yi masa faɗi. Babban abokinsa Schiller ya rasu tun 1805, matarsa Christiane ta bi a 1816. A watan Fabrairu na 1823 ciwon zuciya ya kwantar da shi har aka fara fitar da rai. Ya tashi da sanin cewa kwana ya ƙare, ga kuma takardun shekara hamsin a jibge, wasu ba a taɓa bugawa ba, wasu an buga su ba suna a mujallun da aka manta da su. Burinsa shi ne ya haɗa komai a bugu guda na ƙarshe wanda ya duba da idonsa. Yana da masu taimako: Riemer masanin harsuna, Meyer masanin zane, da magatakarda John mai rubuta abin da ake yi masa shifta. Abin da ya rasa shi ne matashi mai kaifin fahimta, wanda ya san rubuce-rubucensa ciki da bai, wanda kuma ba shi da wani aikin da zai raba masa hankali.

Eckermann ya fito ne daga ɗaya ƙarshen duniya. An haife shi a 1792 a Winsen, wani ƙaramin gari tsakanin Lüneburg da Hamburg. Mahaifinsa ɗan koli ne, yana yawo ƙauye-ƙauye da akwatin katako a baya, yana sayar da zare da siliki da makamantansu. Dukiyar gidan ita ce saniya guda da ɗan fili. Yaron ya tashi yana kiwo, yana itace, yana kala a gonakin mutane bayan girbi, makaranta kuwa sai lokacin sanyi idan aiki ya yi sauƙi. Ya kai shekara goma sha huɗu da ƙyar yake karatu da rubutu. Abin da ya fitar da shi, kamar yadda shi da kansa ya bayar da labari, hoton doki ne da ke jikin ƙunshin tabar mahaifinsa. Ya kwaikwayi hoton da alƙalami da tawada, manyan gari suka gani, suka ɗauki nauyin ƙaro masa ilimi. Ya yi akawu a ofisoshi daban-daban, ya shiga sojan sa-kai a 1813 a yaƙin korar Napoleon, yaƙin ya kai shi har Flanders inda ya fara ganin manyan zane-zane. Ya dawo ya taka da ƙafa zuwa Hanover don koyon zane a wurin wani mai zane, Ramberg, rashin lafiya da rashin kuɗi suka katse shi, ya koma akawu.

A Hanover ne ya ci karo da waƙoƙin Goethe, kuma daga nan bai sake zama mutumin da yake ba. Yana da kimanin shekara 25 ya koma aji tare da yara don ya koyi Latin da Girkanci. A 1821 ya shiga Jami'ar Göttingen da sunan karatun lauya, ya kuma buga ɗan littafin waƙoƙinsa, ya aika wa Goethe kwafi, ya sami amsa ta 'yan layuka. Lauyancin bai karɓe shi ba. Ya bar jami'a ya zauna ya rubuta littafin nazarin waƙa wanda kusan kowane shafinsa Goethe ne abin misali. A watan Mayu na 1823 ya aika da rubutun Weimar, yana roƙon Goethe ya sa baki wurin Cotta, babban mai buga littattafai na wancan zamani. Bai tsaya jiran amsa ba, ya kama hanya da ƙafa cikin zafi, ya isa gaban Goethe ranar 10 ga Yuni.

Niyyarsa ita ce ya gaisa, ya sami albarka, ya wuce yankin kogin Rhine ya zauna ya yi nasa rubutun. Goethe ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yabi littafinsa, ya aika da shi wurin Cotta, aka kuwa buga shi a shekarar. Washegarin haɗuwarsu ya miƙa masa kundi biyu na wata mujallar Frankfurt ta 1772 da 1773, ya ce ya tsamo masa sharhohin da ya rubuta a ciki tun yana saurayi, waɗanda babu sa hannu a kansu, ya kuma faɗa masa waɗanda suka cancanci a sake bugawa. Jarrabawa ce, kuma Eckermann ya ci. Wanda zai iya gane muryar marubuci a cikin rubutun da ba suna, bayan shekara hamsin, ya wuce mai sha'awa kawai. Goethe ya tafi hutunsa na Marienbad, ya ajiye shi a Jena da ƙarin aiki. Da ya dawo sai ya ce masa ya yi sanyin bana a Weimar. Wannan sanyi guda shi ne ya zama sauran rayuwar Eckermann.

Sharuɗɗan zaman su ne inda rashin daidaiton ya fi fitowa fili, domin a gaskiya babu wasu sharuɗɗa. Goethe bai ɗauke shi aiki ba, bai yanka masa albashi ba. Yakan yi masa ɗan ihsani jefi-jefi, ya samar masa izinin shiga gidan wasan kwaikwayo, yana kiransa cin abinci a teburinsa a kai a kai. Abin da Eckermann yake ci da kansa daga koyar da Jamusanci yake samu, ga samarin Ingila da iyayensu ke turowa Weimar. Yana zaune a ɗakin haya, hannu baka hannu ƙwarya. A ɗaya ɓangaren, Goethe yana karɓar albashin minista kimanin taler 3,000 a shekara, kuma Cotta ya amince ya biya taler 60,000 a kan bugun ƙarshe na ayyukansa, juzu'i 40 da suka fito tsakanin 1827 da 1830. Eckermann ya yi ruwa ya yi tsaki a shirya wannan bugu: yana tace tsofaffin takardu, yana jera waƙoƙi, yana tsara fihirisa. Lokacin da aka ga littafin Goethe na Wilhelm Meister na biyu bai cika juzu'an da aka ware masa ba, shi aka danƙa wa damin takardu ya tsamo gajerun maganganun hikima ya cike giɓin.

Ba za a yi wa Goethe adalci ba idan aka ce bai bayar da komai ba. Ya bayar da abin da ya fi tsada a wurinsa, wato lokacinsa da tunaninsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa Eckermann ya shiga gidan kusan sau dubu. Yakan zauna da shi su kaɗai bayan an kunna kyandir, ya buɗe masa kundin zane-zane ya koya masa yadda ake kallo, ya ba shi rubutun da ba wanda ya taɓa gani ya ce ya karanta ya faɗi ra'ayinsa. Ɗan koli daga Winsen ya ji hukuncin Goethe a kan Shakespeare, Byron, Molière da Napoleon daga bakinsa kai tsaye. A gabansa ne, ranar 31 ga Janairu 1827, Goethe yana cikin karanta wani ƙagaggen labari na ƙasar Sin ya yi maganar da ta shahara, cewa zamanin adabin ƙasa guda ya ja baya, na adabin duniya ya kunno kai. A 1825 ya sa Jami'ar Jena ta ba shi digirin dakta, a 1829 kuma aka ɗauke shi ya koyar da Carl Alexander, yarima mai jiran gado. Duk waɗannan alheri ne na gaske. Abin lura shi ne kowannensu yana ƙara ɗaure shi ne a Weimar.

Shawarwarin da Goethe ya ba shi a kan nasa rubutun ma haka suke. Tun a watan Satumba na 1823 ya gargaɗe shi da ya guji babban aiki, ya tsaya ga gajerun waƙoƙi a kan abin da rana ta kawo. Shawara ce mai ma'ana ga kowane sabon mawaƙi, kuma wataƙila Goethe ya riga ya auna iyakar baiwar mutumin. Amma shawara ce da ta bar wa mai ba da ita dukkan lokacin wanda aka ba. A watan Disamba na 1824 wata mujallar Ingila ta nemi Eckermann ya riƙa aika mata rahoto duk wata a kan sababbin littattafan Jamus, da biya mai kyau. Ya kawo maganar cikin murna, Goethe ya ɓata fuska, ya jero masa dalilan da za su sa aikin ya tarwatsa masa hankali, ya ce ya ƙi. Ya kuwa ƙi. Dalilan ba na banza ba ne, sai dai wanda ya kawo su yana da riba a cikin ƙin, kuma bai maye gurbin kuɗin da aka rasa da komai ba. A nan ne matsalar irin wannan abota take: babba yana iya ba da shawara da zuciya ɗaya, ta kuma dace da bukatarsa, ƙarami kuwa ba shi da matsayin da zai tsaya ya rarrabe biyun.

Akwai wurare kaɗan da ma'aunin ya juya, kuma suna cikin mafi daɗin karatu a littafin. Eckermann ya san tsuntsaye sanin wanda ya tashi a daji. A tafiye-tafiyen da suka yi cikin keken doki a 1827, Goethe ya nuna bai iya bambance wasu tsuntsayen da kowane makiyayi ya sani ba, sai almajiri ya zama malami: ya yi masa bayanin yadda suke sauya gashi, da halin tsuntsun nan da ke zuba ƙwansa a sheƙar wani. Dattijon ya saurara da sha'awa ta gaskiya. Haka a ranar 1 ga Mayu 1825, da hira ta kai ga baka da kibiya, Eckermann ya zayyana irin itacen da ya dace da baka da yadda ake tsaga shi, abin da ya fara sha'awa tun zamansa na soja a Brabant. Goethe ya sa aka ɗauko wata baka ta mutanen Bashkir da ke ajiye a gidansa, suka fita lambu suna harbi.

Wannan sassauci yana da iyaka, kuma iyakar ita ce inda Goethe ya ɗora martabarsa. Ya yi shekaru yana nazarin launuka, ya buga babban littafi a kansu a 1810 yana ƙaryata Newton, ya kuma ɗauki wannan aiki da muhimmanci fiye da waƙoƙinsa, alhali masana kimiyya ba su karɓe shi ba. Shi ya koya wa Eckermann wannan fanni. A watan Fabrairu na 1829 almajirin ya lura cewa bayanin malaminsa a kan shuɗin inuwa da ake gani a kan dusar ƙanƙara bai yi daidai da abin da ido ke gani ba. Ya yi ta jan ƙafa kafin ya faɗa, da ya faɗa kuwa fuskar Goethe ta sauya, ya sanya shi cikin jerin 'yan bidi'ar da suka karɓi koyarwarsa sannan suka kauce. Eckermann ya rubuta wannan rana a littafinsa ba tare da ya janye ra'ayinsa ba, ya kuma nemar wa dattijon uzuri. Shafin yana nuna abu biyu a lokaci guda: mutumin yana da idonsa, kuma ya san farashin amfani da shi. Ko a yadda suke kiran juna tazarar ba ta taɓa rufewa ba. Goethe yakan ce masa ɗana ko dakta, shi kuwa da laƙabin girmamawa na minista yake amsawa. Maganar tsara da tsara Goethe ya keɓe ta ga mutane ƙalilan irin su Zelter, makaɗin Berlin.

Wadda ta biya mafi tsadar wannan abota ba ta ma cikin ɗakin. Tun 1819 aka yi wa Eckermann baiko da Johanna Bertram a Hanover. Aure yana jiran ya sami tsayayyen abin yi, tsayayyen abin yi kuma yana jiran Goethe ya sa baki a fada, ko ya sake shi ya nema a wani wuri. Wasiƙunta da suka tsira cike suke da ƙorafi: tana ganin ana cin guminsa ana biyansa da yabo. Ta jira shekara goma sha biyu. Mai karanta Hirarraki da ƙyar zai ji ɗuriyarta, domin Eckermann ya share damuwarsa daga littafin kamar yadda ake share ɗaki kafin baƙo ya shigo.

Sau ɗaya ya yi yunƙurin ƙwatar kansa. A watan Afrilu na 1830 Goethe ya haɗa shi da ɗansa August su tafi Italiya. Tafiyar ba ta yi daɗi ba, Eckermann ya yi jinya, suka rabu a Genoa a watan Yuli. Daga Geneva ya rubuta wa Goethe doguwar wasiƙa a watan Satumba. Ya bayyana cewa yana son ya keɓe a wani wuri ya kammala littafin hirarrakin, wanda yake fata zai samar masa suna da abin rufin asiri. Wannan rubutu shi ne kaɗai jarinsa a duniya. Goethe ya san da shi tun da wuri, bai kuma hana ba. Amsar da ya bayar mai laushi ce: ba ya son a gaggauta bugawa, ya fi son su zauna tare su bi rubutun a gyara, domin darajarsa za ta ƙaru idan shi ya tabbatar da shi. Ma'anarta a aikace ita ce littafin ba zai fito ba muddin yana da rai. Kafin Eckermann ya yanke shawara sai ƙaddara ta yanke masa. August ya rasu a Roma a ƙarshen Oktoba, Eckermann ya ji labarin yana kan hanya, ya iso Weimar ranar 23 ga Nuwamba. Kwana biyu zuwa uku bayan haka dattijon ya yi aman jini mai yawa har aka ɗauka tafiya ce. Babu mai mutunci da zai tafi ya bar shi a wannan hali, kuma Eckermann bai tafi ba.

Shekara da 'yan watannin da suka rage su ne mafi amfani ga adabin Jamus. Kashi na biyu na Faust ya daɗe a ajiye, kuma Eckermann yana cikin waɗanda suka fi matsa wa Goethe ya gama shi: yana tambaya, yana karanta kowane sabon fage, yana nuna ɗokin ganin na gaba. Goethe da kansa ya shaida wannan a wasiƙunsa, ya kira shi amintacce. An kammala aikin a bazarar 1831, aka rufe shi da hatimi. A shekarar ne Goethe ya sanya shi a wasiyya cikin waɗanda za su fitar da rubuce-rubucen da zai bari. A watan Nuwamba Eckermann ya auri Johanna. Ranar 22 ga Maris 1832 Goethe ya rasu, washegari Eckermann ya roƙi baran gidan ya buɗe masa ɗakin da aka shimfiɗe gawar, kuma da bayanin wannan ganin ya rufe kashi na biyu na littafinsa. Johanna ta rasu a 1834 bayan ta haifi ɗansu Karl, aurensu bai cika shekara uku ba.

Ko bayan rasuwar, aikin maigida ne ya riga nasa. Sai da shi da Riemer suka fitar da juzu'ai goma sha biyar na abin da Goethe ya bari, kashi na biyu na Faust a kan gaba, sannan ya juya ga nasa littafin. Kashi na ɗaya da na biyu sun fito a 1836 a kamfanin Brockhaus na Leipzig. Lokacin kasuwa ta riga ta juya. Matasan marubuta masu neman sauyin siyasa suna kallon Goethe a matsayin bafaden sarakuna, kuma Bettina von Arnim ta riga shi da shekara guda da nata littafin wasiƙun da ke tsakaninta da Goethe, mai cike da ƙawa. Cinikin ya yi tafiyar hawainiya. Ya shiga shari'a da kamfanin a kan lissafin kwafin da aka sayar, bai yi nasara ba. Kashi na uku, wanda ya cike da bayanan da Frédéric Soret ya rubuta da Faransanci a kan nasa hirarrakin da Goethe, ya fito a Magdeburg a 1848, shekarar juyin juya hali, lokacin da ba mai sauraron hirar dattijon da ya mutu shekara goma sha shida da suka wuce. A waje littafin ya fi samun karɓuwa: Margaret Fuller ta fassara shi a Amurka a 1839, John Oxenford a Ingila a 1850.

Ba'a kuwa ya sha ta tun Goethe yana da rai. Heinrich Heine ya yi masa shaguɓe a littafin tafiye-tafiyensa, ya nuna cewa abin da ya rage masa ya zama aku shi ne koren gashi, kuma hular dakta ta Jena ce aka sa masa a madadinsa. Wannan zargi ya daɗe yana binsa, tare da kiransa sakataren Goethe, sunan da ya ƙi jini. A wata wasiƙa ta 1844 ya musanta shi, ya ce alaƙarsu irin ta almajiri da malami ce, da ta ɗa da uba. Binciken da aka yi daga baya ya wanke shi daga zargin aku, ta hanyar da shi kansa ba zai so ba. A shekarun 1920 Julius Petersen ya gwada hirarrakin da littafin tarihin yau da kullum na Goethe, Houben kuma ya fito da ragowar takardun Eckermann. Aka gano cewa sau da yawa 'yan kalmomi kawai yake rubutawa a ranar, wani lokaci ba ya rubuta komai na tsawon watanni, sai bayan shekaru ya gina hirar daga tunawa, ya haɗa maganganun ranaku daban-daban, ya gyara musu zama. Ga mai neman ainihin lafazin Goethe wannan naƙasu ne, kuma dole a yi hattara da kwanakin da ke littafin, musamman a kashi na uku. Ga mai auna gwanintar marubuci kuwa hujja ce. Goethen da duniya ta sani, dattijo natsattse mai fara'a wanda kowace maganarsa take a daidaice, Eckermann ne ya zana shi. Bayanan da von Müller, wani babban jami'in Weimar, ya bari suna nuna wani Goethe dabam, mai zafin rai, mai baƙar magana, mai saurin gundura. Eckermann bai ɓoye wannan ba, domin a gabatarwarsa ya faɗa cewa wanda ke cikin littafin nasa Goethen ne, gwargwadon yadda ya iya fahimtarsa.

Ana yawan kwatanta shi da James Boswell, wanda ya haɗu da marubuci Samuel Johnson a wani kantin littattafai a Landan a 1763, yana da shekara 22 Johnson yana da 53, ya kuma fitar da tarihin rayuwarsa a 1791. Shi ma an yi masa dariya, an ce ɗan kanzagi ne. Bambancin da ke tsakaninsu na aljihu ne. Boswell lauya ne, magajin gidan masu ƙasa a Scotland, yana zuwa Landan lokacin da ya ga dama ya koma gidansa, ya yi aure a lokacin da ya so, yana ma iya tsokanar Johnson don ya ji abin da zai ce. Girman da yake ba shi zaɓi ne. Eckermann ba shi da gidan komawa, don haka ƙauna da bukata suka cakuɗe masa har ba a iya raba su. Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha, kuma haka ta kasance: waɗanda suka fi morar zaman Weimar su ne masu karatun da suka zo bayan shekara hamsin da ɗari. Nietzsche, wanda ba ya rabon yabo da araha, ya kira Hirarraki littafin Jamusanci mafi kyau da ake da shi. Ya faɗi haka ne a 1880, marubucin yana kabari shekara ashirin da shida.

Ragowar rayuwarsa gajeren labari ne. Ya fitar da littafin waƙoƙi na biyu a 1838, bai yi tasiri ba. An ba shi kula da ɗakin karatun Maria Pavlovna, uwargidan basaraken Weimar, an kuma ba shi laƙabin mashawarcin fada a 1843, laƙabin da ya fi albashinsa nauyi. Bashi ya kore shi zuwa yankin Hanover a 1844, fada ta matsa ya dawo bayan shekara biyu, domin ɗan abin da ake ba shi yana tare da sharaɗin zama a Weimar, inda ya zama ɗaya daga abubuwan da baƙi masu ziyarar gidan Goethe ke son gani. Ya ƙare kwanakinsa a ɗakin da ya cika da tsuntsayen da yake kiwo. Ya rasu ranar 3 ga Disamba 1854, tsohon ɗalibinsa Carl Alexander ya sa aka binne shi kusa da hubbaren sarakuna inda Goethe yake kwance.

Marubutan baya sun rabu a kan hukuncin. Wasu, irin su Martin Walser a wasan kwaikwayonsa na 1982, sun ɗauki labarin a matsayin cin gumin talaka. Wasu suna cewa in ba don Goethe ba da Eckermann ya mutu akawu mai rubuta waƙoƙin da ba mai tunawa, kuma waƙoƙin nasa da suka rage ba su ƙaryata wannan ba. Maganganun biyu ba sa kore juna. Goethe ya so shi, ya ilimantar da shi, ya buɗe masa ƙofar da ba ta buɗuwa ga irinsa. Amma mutumin da ya iya ciniki da Cotta har ya kai taler 60,000, wanda kuma kalmarsa guda a fada take samar wa mutum muƙami, ya ga mataimakinsa yana zaune cikin rashi, aurensa a rataye, littafinsa a akwati, bai ɗauki matakin da zai warware ko ɗaya ba sai a shekararsa ta ƙarshe. A kan wannan Goethe yana da laifi, kuma ingancin littafin da aka samu bai sauke masa shi ba.